Darasi na 7: Allurar Tarba ga Maruƙan da Suka Sha Hanya

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda ciwon numfashi ke kama maraƙin da ya sha doguwar tafiya;
2. rarrabe tsakanin riga-kafi, magani da allurar tarba;
3. gane garken da ya cancanci allurar tarba da wanda bai cancanta ba;
4. lissafa yawan maganin da za a ja a sirinji, da ranar da za a iya yanka dabbar;
5. sanin lokacin da za a ajiye sirinji a kira jami'in dabbobi.

1. Hanyar da maraƙi ya biyo

Naman shanun da mahautan unguwar Zango ta Kwatano ke sayarwa, da wanda masu tsire da masu kilishi ke sarrafawa, akasarinsa daga arewa yake zuwa. Motar da ta yi lodi a Malanbil, bakin kogin Kwara daura da Gaya, sai ta ci fiye da kilomita 700 kafin ta shigo Kwatano. Za ta ratsa Kandi, ta wuce Gogunu mai babbar kasuwar shanu, ta bi ta Faraku, Sabe, Dasa da Bohikon. Idan aka haɗa da tsaye-tsayen hanya da facin taya, dabba na iya yini ta kwana a cikin mota, a matse, ba ruwa ba ciyawa, tana shaƙar ƙura da hayaƙi.

Babban sa wanda za a kai mayankar Akpakpa gobe ko jibi ba shi ne abin damuwarmu ba tukuna. Darasin nan na masu sayen maruƙa ne, 'yan wata shida zuwa shekara guda, su kai su garken bayan gari su turke su wata uku ko huɗu, sannan su sayar da riba. Su ne ke ganin abin da ke ɗaure kai: an sauke maruƙa garau, sun ci sun sha, sai bayan mako guda ko biyu tari ya fara zagaya garke. Wani ya ce iskar teku ce ba ta karɓe su ba, wani ya ce dillali ne ya cuce shi. Yawanci tun a kasuwa da cikin mota ciwon ya samo asali, bai dai fito fili ba sai daga baya.

> Kalmomi
> Zazzaɓin tafiya: ciwon numfashi da ke kama shanu, musamman ƙanana, cikin makonni biyu zuwa uku na farko bayan an yi jigilarsu.
> Bairos: ƙwayar cuta mafi ƙanƙanta. Antibiyotik ba ya kashe ta.
> Bakteriya: ƙwayar cuta wadda antibiyotik ke iya kashewa ko hana ta yaɗuwa.
> Antibiyotik: maganin da ke yaƙar bakteriya, kamar fenisilin da oksitetrasikilin.

2. Yadda ciwon ke shiga

Bakteriyar da ke haddasa zazzaɓin tafiya ba daga waje take zuwa ba. Tana nan zaune a hanci da maƙogwaron lafiyayyar saniya, ba ta cutar da ita. Likitoci sun fi ambaton iri biyu, *Mannheimia* da *Pasteurella*. Abin da ke tsare huhu daga gare su shi ne garkuwar jiki, da wasu 'yan gashi ƙanana da ke cikin bututun iska, masu turo majina da datti zuwa sama.

Wahalar hanya tana raunana garkuwar jiki. Ƙishirwa tana busar da majinar da ke kama ƙwayoyin cuta. A kasuwa kuma maraƙi ya goga hanci da shanun garke goma, ya kwaso bairos ɗin da jikinsa bai taɓa sani ba, bairos ɗin ya lalata 'yan gashin nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bakteriya ta gangara huhu ta yi ta hayayyafa, sashen gaba na huhun ya taurare, iska ta daina shigarsa. Huhun saniya da ma ƙarami ne idan aka gwada shi da girman jikinta, don haka ɗan abin da ya lalace a ciki yana nunawa a jikinta da wuri.

Alamar farko ba tari ba ce. Ku je garke da sassafe, lokacin da ake zuba dusa. Maraƙin da ya tsaya a baya shi kaɗai, kai a sunkuye, kunnuwa a sake, ciki a lotse, ba ya tuƙa, shi za ku fara kamawa. Daga baya ne majina mai kauri, kwantsa, haki da tari ke biyowa. Ku sa masa ma'aunin zafi a dubura. Lafiyayyen maraƙi yana tsakanin digiri 38.5 da 39.5. Wanda ya kai digiri 40 da safe, kafin rana ta yi zafi, yana da zazzaɓi.

3. Abu uku da ake rikitawa

A bakin mutane da yawa duk allurar da aka yi wa dabbar da ba ta kwanta ba riga-kafi ce. Wannan kuskure yana cin kuɗi, yana kuma cin dabbobi.

> Kalmomi
> Riga-kafi: allurar da ke koya wa jiki yaƙar wata cuta takamaimai. Sai ta yi kamar mako biyu zuwa uku kafin ta fara kāriya, amma kāriyar tana yin watanni.
> Magani: antibiyotik da ake yi wa dabbar da alamun ciwo suka bayyana a jikinta.
> Allurar tarba: antibiyotik mai daɗewa a jiki da ake yi wa dukan rukunin maruƙa sau ɗaya, ranar da aka sauke su ko washegari, saboda ana da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ciwon ya riga ya fara a cikinsu.

Allurar tarba ba ta koya wa jiki komai. Tana rage yawan bakteriya ne na 'yan kwanaki, har maraƙi ya huta ya dawo hayyacinsa. Oksitetrasikilin mai daɗewa, wanda aka fi sani da sunan Terramycin, yana aiki kamar kwana uku zuwa huɗu. Sababbin magunguna irin su tulatromisin suna yin mako guda ko fiye a cikin huhu, amma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Da maganin ya bar jiki, kāriyar ta ƙare.

Dabarar ta yi ƙarfi ne a manyan gidajen turka na Amurka, a jihohin Tekzas, Kansas da Nebraska, inda ake tara dubban maruƙa daga kasuwanni daban-daban, kuma ciwon numfashi ne kan gaba wajen kashe su. Gwaje-gwajen da aka yi ta yi a can sun nuna cewa a rukunin da ke cikin babban haɗari, allurar tana rage masu kamuwa da kusan rabi. Ku riƙe kalmar nan, rabi. Ba ta hana ciwon gaba ɗaya, kuma ko a can ba kowace mota ake yi wa ba.

4. Wane garke ne ke cikin babban haɗari?

Ku yi wa kowace mota waɗannan tambayoyi:

- Maruƙan ƙanana ne, ko yanzu aka yaye su?
- Daga kasuwa aka tsinto su ɗaya-ɗaya, ko daga garke ɗaya suka fito?
- Sun yi fiye da yini guda a hanya?
- Ruwan sama ya dake su, ko sun sha ƙurar hunturu a buɗaɗɗiyar mota?
- Akwai wanda ya san ko an taɓa yi musu riga-kafi?
- An samu masu zazzaɓi a cikinsu tun ranar saukewa?

Tambaya ta biyu da ta ƙarshe sun fi sauran nauyi. Maruƙa ashirin da suka taso tare a ruga ɗaya, ko da sun sha hanya, sun riga sun saba da ƙwayoyin cutar juna. Ashirin ɗin da dillali ya haɗo daga kasuwa uku kuwa kowanne baƙon ɗan'uwansa ne. Idan amsoshin suka taru a ɓangaren haɗari, a kira likitan dabbobi ya duba, shi zai yanke hukunci. Idan ba su taru ba, a sa ido kawai, a yi wa wanda ya kamu magani.

Misali na 1: Wa za a yi wa, wa za a bari?

Alƙaluman nan na koyon lissafi ne. Kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa.

Wani mai turka ya sauke maruƙa 40, haɗin kasuwa, 'yan yaye. Yaronsa ya auna su da safe ya ce, "Maigida, uku suna da zafi tun yanzu." Mu ƙaddara cewa a irin wannan rukuni 16 za su kamu idan ba a yi komai ba. Da allurar tarba, sai 8 su kamu.

- Kuɗin allura: 40 × sefa 1,500 = sefa 60,000, jikka sittin ke nan.
- Asarar kowane maraƙin da ya kwanta, idan aka haɗa magani, rama da wanda zai mutu: mu ce sefa 15,000.
- An tsirar da 8: 8 × 15,000 = sefa 120,000.

An kashe 60,000, an tsare 120,000. Allura biyar ta tsirar da maraƙi ɗaya.

Maƙwabcinsa shi ma ya sauke 40, amma manya-manya ne, daga garke ɗaya, an yi musu riga-kafi, tafiyar rabin yini suka yi. Da ma 2 ne za su kamu. Da allura, sai 1 ya kamu. Ya kashe 60,000 don ya tsare 15,000, kuma ya ɗura wa lafiyayyun dabbobi 38 maganin da ba su buƙata. Magani ɗaya ne, kuɗi ɗaya, amma na farko ya yi dabara, na biyu ya yi ɓarna.

5. Awo da wurin allura

Yawan magani da nauyin dabba yake tafiya, ba da ƙiyasin ido ba. Wanda ba shi da sikeli ya ari tef ɗin tela. A auna zagayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, sannan a auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duka da santimita.

Nauyi da kilo = zagaye × zagaye × tsawo ÷ 10,840

Misali na 2: Zagayen ƙirji 120, tsawo 110.
120 × 120 = 14,400
14,400 × 110 = 1,584,000
1,584,000 ÷ 10,840 = kilo 146, kusan 150.

Oksitetrasikilin mai daɗewa, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10. Wannan maraƙi zai samu mililita 15. Akwai kuma mai kashi 5 da mai kashi 10, kuma awonsu daban ne, saboda haka a karanta kwalba kafin a ja.

Kada a zuba fiye da mililita 10 a wuri ɗaya. A raba biyu, gefen wuya na dama da na hagu. A wuya, ba a cinya ba. Maganin yana ƙona tsoka, ya bar dunƙule mai launin ƙasa-ƙasa wanda ke daɗewa bai baje ba. Mai kilishi da ya sayi cinya da tsada, ya zo fere ta ya tarar da wannan tabo a tsakiya, sai ya yanke ya zubar, kuma ba zai manta daga hannun wa ya saya ba.

Gargaɗi: akwai maganin da ake kira tilmikosin, mai sunan kasuwa Micotil. Ya kashe mutanen da allurarsa ta shige su bisa kuskure, yana kuma kashe akuya. Wannan ba na hannun kowa ba ne, na likita ne kaɗai.

A sayi magani a shagon da ke da izini. Tun 2006 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Benin, suke da tsari ɗaya na ba maganin dabbobi lasisi, kuma ana buga lambar a jikin kwalba bayan haruffan AMM. Mutanen Kwatano ba su manta da samamen da hukuma ta kai Ajegunle, cikin kasuwar Dantokpa, a watan Fabrairun 2017 ba, inda aka kwashe tan-tan na magungunan da ba su da izini. Na mutane ne aka kwashe a ranar, amma jabu bai bar na dabbobi ba. Kwalbar da ta yini a rana a kan tebur, ko ta gaske ce, ƙarfinta ya ragu.

6. Kwanakin jira

> Kalmomi
> Kwanakin jira: adadin kwanakin da dole su wuce tsakanin allurar ƙarshe da yanka dabba ko shan nononta. A kwalbar da ke da rubutun Faransanci, ku nemi inda aka rubuta *temps d'attente*.
> Ragowar magani: abin da ya saura na magani a nama, hanta, ƙoda ko nono.

Nan ne darasin ya fi shafar Zango, domin yawancin shanun da ke shigowa Kwatano na wuƙa ne. Ga oksitetrasikilin mai daɗewa, kwanakin jiran nama sukan kama daga mako uku zuwa biyar, gwargwadon kamfanin da ya yi shi. Ragowar ta fi taruwa a ƙoda, da hanta, da wurin da aka soka allura. Wuta tana rage wani abu daga ciki, amma ba a dogara da ita.

Saboda haka dabbar da za a yanka cikin 'yan kwanaki ba a yi mata allurar tarba, ko da daga Malanbil ta taho a tsaye. Fataken da ke yi wa shanu allura kafin lodi don su iso da kyan gani, su sayar wa mahauci bai sani ba, suna ciyar da jama'a magani ne a cikin tsire. Cin amana ne, ko da ba wanda ya kama su.

Misali na 3: An yi allura ranar 3 ga Maris. Kwalba ta ce kwana 28. 3 + 28 = 31. Kwanakin jira sun cika ranar 31 ga Maris, sai a yanka daga 1 ga Afrilu. A rubuta ranar a littafi, a shafa wa dabbar fenti a tozo. Idan aka sayar da ita kafin lokacin, a gaya wa mai saye.

7. Abin da yawan allura ke jawowa

> Kalma
> Bijirewa: yadda bakteriya ke daina jin maganin da a da yake kashe ta.

Duk lokacin da aka yi amfani da antibiyotik, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su rage, su hayayyafa. Rabin awo yana hanzarta haka, kuma rabin awo shi ne abin da ke faruwa idan aka raba kwalba ɗaya wa garke duka don a yi tsimi. Ƙwayoyin da suka bijire ba sa tsayawa a garke. Suna bin kashin shanu, da ruwa, da hannun mahauci, har su kai ga mutane, kuma dangin magungunan nan su ne ake ba mu a asibiti.

Wani babban bincike da mujallar *The Lancet* ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin da abin ya fi tsanani, idan aka gwada da yawan jama'a, shi ne namu na Afirka ta Yamma. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina ba lafiyayyun dabbobi antibiyotik a matsayin al'ada. Tarayyar Turai kuma ta mai da hakan doka daga 28 ga Janairun 2022: ba a yi wa rukunin dabbobi sai likita ya gano cutar, ya ga haɗarin yaɗuwarta babba ne, kuma babu wata mafita.

Mafita kuwa sau da yawa tana nan, kuma ta fi arha. Maraƙin da aka sauke ya fara samun ruwa mai tsabta, da busasshiyar ciyawa ko harawa, da inuwa mai iska. Dusa a shigo da ita kaɗan-kaɗan. A ware sababbi daga tsofaffin garke har mako uku. Dandaƙa da yanke ƙaho su jira sai dabba ta murmure. A babbar daminar Kwatano, daga Afrilu zuwa Yuli, a kula da ƙasan garke, domin maraƙin da ya saba da busasshiyar ƙasar arewa ba ya jure kwana a cikin taɓo.

8. Idan ba zazzaɓin tafiya ba ne

Ba kowane tari ne na hanya ba. Akwai ciwon huhu, wanda makiyaya suka daɗe da sani, jami'an dabbobi kuma ke rubuta shi PPCB. Yana nan a Afirka ta Yamma har yau. Ƙwayarsa daban ce, fenisilin ba ya taɓa ta, kuma tana iya ɓoyewa daga mako uku har wata shida kafin ta bayyana. Ya fi kama manyan shanu: sa ya tsaya ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, yana nishi. A ƙananan maruƙa kuwa sau da yawa kumburin gaɓoɓi ake gani. Mahauta sun san shi a mayanka: ruwa rawaya cike da ƙirji, huhu ya manne da haƙarƙari, idan an yanka shi a ga zane-zane a ciki.

Oksitetrasikilin yana iya kwantar da alamun wannan ciwo, sa ya tashi ya ci abinci, alhali ƙwayar tana nan a ƙunshe cikin huhunsa, ya ci gaba da harbin wasu. Wanda ya yi zargin ciwon huhu ya ware dabbar, kada ya kai ta kasuwa, ya sanar da jami'in dabbobi na Ma'aikatar Noma, Kiwo da Kamun Kifi. Abin da ke tsare garke daga gare shi riga-kafi ne na shekara-shekara, ba allurar tarba ba.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa maraƙi ke sauka daga mota lafiya, sannan ya kwanta bayan mako guda?
2. Faɗi alamu uku da ke riga tari bayyana. Daga digiri nawa ake cewa maraƙi yana da zazzaɓi?
3. Bayyana bambancin riga-kafi da allurar tarba ta fuskar lokacin fara aiki da tsawon kāriya.
4. An kawo maka maruƙa 25 daga garke ɗaya, an yi musu riga-kafi, ba mai zazzaɓi a cikinsu. Za ka nemi a yi musu allurar tarba? Kawo dalili.
5. Maraƙi yana da zagayen ƙirji santimita 130 da tsawo 115. Nawa ne nauyinsa? Mililita nawa na oksitetrasikilin mai kashi 20 zai samu, kuma a wuri nawa za a raba?
6. An yi wa sa allura ranar 10 ga Yuni, kwalba ta ce kwana 35. Daga wace rana za a iya yanka shi?
7. Sake lissafin Misali na 1 da farashin magani da na maraƙi na wannan wata. Rukuni na farko har yanzu yana da riba?
8. Me ya sa bai kamata a rufe ciwon huhu da allura a yi shiru ba?
9. Aikin gida: ku nemo kwalbar maganin dabbobi guda ɗaya, ku kwafo sunan maganin, ƙarfinsa, ranar ƙarewarsa, lambar AMM da kwanakin jiransa, ku kawo aji mako mai zuwa.